Sajan da Ke Fara Tambayar Ƙarami

Kullum da safe, kafin motar masu gyaran wayar lantarki ta fita, Saja yakan tara mutanensa bakwai ya karanta musu aikin ranar. Sai ya tsallake tsofaffin hannu, ya juya ga wanda ya zo ƙarshe: "To, me ka gani?" Shi kuwa Saja sai kowa ya gama yake faɗin nasa ra'ayin.

Ɗana ne sabon. Ango suke ce masa, don watansa biyu da aure ya fara hawa falwaya. Tun ranar, ko wuta aka ɗauke a gidanmu sai gabana ya faɗi. Shi ya sa na bi diddigin wannan tsohon soja. Me zai sa mutumin da ya tashi cikin umarni ya tsaya sauraron sabon shiga?

Direbansu ya ba ni labarin wata Talata. Injiniya ya bugo waya ya ce an kashe layin, a hau. Ango ne zai hau, har ya ɗaura ɗamara. A gindin falwayar, sai Saja ya yi masa tambayar da ya saba.

"Baba Saja, ni dai ban ga an sa wa makunnin kwaɗo ba."

Aka bushe da dariya. "Ango ba ya son amarya ta shiga takaba," in ji wani.

"Ni ma ba na so," in ji Saja. "A je a duba."

Aka je. Ashe layin da aka kashe daban, wanda za a hau yana nan da wutarsa.

Na sami Saja a harabar ma'aikata yana naɗe igiya, na tambaye shi inda ya samo wannan hali.

"A bakin wani kogi, Baban Ango. Kyaftin ɗinmu ya ce a tsallaka. Akwai wani kurtu a cikinmu, ɗan masunta, ya ga kumfa da karan da ruwan ke kawowa, ya san cika yake yi. Ya ja bakinsa, tunda babba ya riga ya yanke. Mutum huɗu muka rasa." Ya ƙulle igiyar. "In babba ya fara magana, 'haka ne' kaɗai ya rage wa saura."

"Ba ka ganin ana rage maka girma?"

"Wane girma? Da ɗanka ya hau, ni zan zo in ƙwanƙwasa maka ƙofa da mugun labari."

Saja, ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki. Kai ne ka yi shekara ashirin da 'ya'yan mutane a sama, kullum ka sauko da su cif. Soja mai kunne, na gode. Uwar Ango ta gode, matarsa ma ta ce a gaishe ka.

Ban san wanda zai gaje ka ba, kuma abin yana damuna. Ko wane ne shi, da duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ina roƙonsa ya riƙe maganarsa minti ɗaya, ƙarami ya faɗi tasa tukuna. Ɗan wani ne zai hau.