Ajami a Jikin Gilasai Goma Sha Biyu

Ku da kuka kama aiki bana, akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin an ɗan jima da ba ni muƙamin babban mai kula da ɗakin gwaji.

Aikinmu kamar tandar masa yake. Mukan danna hatimin roba a kan gilashi, ya bar 'yan gurabe masu danƙo, wasu kewayayyu, wasu masu kusurwa uku. Ƙwayar halitta in ta sauka sai ta ɗauki siffar gurbinta, sannan a auna ƙarfin da take jan gefenta da shi.

Farfesanmu yana da wani magani da ya rantse yana sassauta ƙwayoyin. Ɗalibarsa Rukayya, 'yar unguwar Maamobi, ta yi wata bakwai tana awo, babu bambanci. Ya ce ita ce ba ta iya ba, shi da ido kawai yake gane mai magani, kuma ba zai sa hannu a kundin digirinta ba.

Ta same ni ina alwalar azahar, idonta ja wur.

"Baba Sani, wallahi na gaji. Gara in koma taya Mma sayar da waakye, shinkafa da wakenta."

Na ce, "Ki bar wa uwarki tukunyarta. Kawo gilasai goma sha biyu, shida da magani, shida babu."

A ƙa'ida mai dubawa bai kamata ya san wanne aka sa wa magani ba, amma Farfesa kullum sai ya saci kallon alamar da ke jikin gilashin. Don haka na rubuta alamun da ajami, wanda malaminmu na allo a unguwar Nima ya dasa mana da dorina.

Farfesa ya jujjuya gilashi ya ce, "Ei, Alhaji! Laya ka ɗaura wa ƙwayoyina?"

"Ta tsarin ido ce, ranka ya daɗe."

Ya duƙufa a madubin ƙara girma, ya ware shida yana ta murna: "Dubi yadda wannan ta saki jiki!" Na yi bisimilla, na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Huɗu cikin shidan ba su ko shinshini maganin ba. Wadda ya fi yabawa tana cikinsu.

Ya daɗe yana goge tabarau, ya ce a sake. Aka sake, ya sake faɗuwa. Ranar Litinin ya sa wa Rukayya hannu, ya kuma ba da umarni duk alama ni zan riƙa rubutawa, da sharaɗin kada in kuskura in koya masa.

Abin da na koya shi ne, ido yaron gidan zuciya ne, inda ta aike shi nan yake zuwa, kuma na manya ya fi biyayya. Saboda haka duk wanda ya fara iya karanta rubutuna a cikinku, ya ji tsoron Allah ya faɗa mini, in raba shi da madubi.