Gaisuwar Baba Direba

Baba Direba a bayan sitiyari ya tsufa. Tun gashinsa yana baƙi wuluk yake jan motar Farfesa, har furfura ta cinye kan, motar ma an sauya ta ba sau ɗaya ba, shi dai yana nan. Gajeren mutum ne mai tsabta, wanda ba ya tada mota sai ya zagaya ta ya daddanna tayoyi da ƙafa, ya buɗe gaba ya duba mai da ruwa. Tsummansa biyu ne, na gilashi daban na jiki daban, in kana son ganin ɓacin ransa to ka haɗa masa su. A wurin ajiye motoci na jami'a kowa ya san bencinsa, a gindin bishiyar da ke kallon ƙofar sashen nazarin siyasa, inda yake zama tun safe har maigidansa ya sauko.

Babban abin da aikin ya koya masa shi ne toshe kunne. An zagi gwamnati a kujerar baya, an yabe ta, an ƙulla an kwance, bai taɓa ɗaga ido ya kalli madubi ba. Ranar zaɓe yakan je ya dangwala abinsa ya dawo, ko matarsa ba ta san wa ya zaɓa ba. In abokan benci suka matsa masa da tambaya, sai ya ce shi jam'iyyarsa birki, don ita ce ke mayar da shi gida lafiya.

Sashen nan kuwa ya daɗe da rabuwa gida biyu. Maigidan Baba, wanda ofishinsa ke saman bene, mutumin jam'iyya mai mulki ne, kuma ba ya ɓoyewa ko a gaban allo. Ɗaya farfesan, mai ofis a lungun ƙarshen baranda, ɗan adawa ne na a mutu. Ɗalibai suka raɗa musu Farfesan Bene da Farfesan Lungu, ƙananan malamai kuma kowa ya zaɓi inuwar da zai fake. Tambaya ɗaya a jarrabawa sai ta zama tana da amsa biyu, ya danganta da wanda zai ba da maki. Yara kuwa ba wawaye ba ne. Kafin su buɗe littafi sai sun tambayi na gaba da su ko malamin nan na bene ne ko na lungu. Abin takaici, iyaye sun turo su koyon tunani, su kuma sun ɓuge da koyon karatun fuska.

Cikin wannan sashe Allah ya jefa Auta, 'yar Baba ta ƙarshe. Yayyenta duk a sakandare suka tsaya, wani ya kama kanikanci, wasu suka yi aure. Ita kaɗai ce ta haye, kuma ranar da sunanta ya fito Baba ya wanke motar Farfesa har sau biyu don ya rasa inda zai sa kansa. Burinsa a duniya bai wuce ya ga takardar digirin yarinyar nan da idonsa ba. Yakan ce ya kai masu digiri ko'ina a ƙasar nan, saura ya ga an haifi ɗaya a ɗakinsa.

Ba ta daɗe da fara karatu ba ta same shi yana goge takalmi a tsakar gida, ta durƙusa ta roƙe shi alfarma: in ya gan ta a makaranta ya yi kamar bai san ta ba, kada ya kira ta, kada ya rage mata hanya. Bai tambaye ta dalili ba, ita ma nauyin baki ya hana ta ƙarawa. Ya ce to. Amma maganar ta soke shi, ta kuma zauna masa a ƙirji. Ya ɗauka kunyar aikinsa take ji. Kullum yana kan benci zai hango ta ta wuce da jakarta, kanta a sunkuye, sai ya kama goge gilashin da ba shi da datti. Uwarta ta ce ya bar yarinya da dabararta, ya ce ai ya bari. Sunansa yana manne da nata a kowace takarda ta makaranta, amma wa ya damu da sanin sunan direba? Haka suka yi shekaru babu wanda ya gane.

A shekarar ƙarshe aka raba ɗalibai ga malaman da za su duba musu kundin kammala karatu, Auta ta faɗa hannun Farfesan Lungu. Ta zaɓi yin bincike a kan sabon titin da gwamnati ta shimfiɗa ta tsakiyar kasuwa. Ta yi ta yawo cikin rana tana hira da masu rumfa da direbobin haya, ta rubuta cewa titin ya rage cunkoso, ya kuma tashi masu ƙananan sana'a da dama ba tare da an ba su wani wuri ba. Farfesa ya karanta babin farko ya yaba mata a gaban aji, ya ce ga wadda ba ta tsoron faɗin gaskiya. Ta dawo gida tana ba uwarta labari, Baba yana daga ɗaki yana ji, daɗi kamar ya kashe shi.

A nan ne tunani ya zo masa. A tarbiyyar da ya tashi da ita, ba ka barin ɗanka a hannun mutum ba ka je ka gaishe shi ba. Mutum yana wahala da 'yarka, yana yabonta, kai kuma kana zaune a ƙofarsa kullum kamar ba ka sani ba? Wannan ai rashin ta ido ne. Kuma, in za a faɗi gaskiya, a can ƙasan ransa yana son ko sau ɗaya wani a ginin nan ya san cewa yarinyar tasa ce. Ranar da maigidansa ya yi tafiya, sai ya sa kayansa masu kyau, ya bi barandar nan har lungu, ya ƙwanƙwasa.

Farfesan Lungu ya gane shi nan take, don ya sha ganinsa yana buɗe wa abokin hamayyarsa ƙofa. Baba ya cire takalmi, ya rusuna, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce shi ne mahaifin yarinyar nan mai binciken titi, ya zo godiya, ya kuma danƙa amana. Farfesa ya sauke tabarau ya dube shi.

"'Yarka ce? Kai da ke jan motar na sama?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To. Na gode da ka sanar da ni."

Baba ya fito yana jin ya sauke nauyi. Har alewa ya saya wa jikokinsa a hanya.

Mako bai zagayo ba aka dawo wa Auta da babin da aka yaba, ja-ja-wur da jan biro. Duk inda ta ce titin ya yi amfani an ja layi, an rubuta a gefe cewa wannan farfaganda ce. Ta cire, ta mayar masa da babin. Aka ce yanzu kuma binciken ya karkata, ta sake. Ta je ofis, aka ce Farfesa yana taro. Ta koma, aka ce ya fita. Magana ta bazu cewa Auta 'yar leƙen asirin bene ce aka dasa a lungu, ƙawayen da suke karatu tare suka fara janye jiki, don kowa yana tsoron makinsa. Abokan karatunta suka kare kundinsu suka tafi, ita aka ce ta maimaita shekara.

Sai daga baya ta ji daga bakin masinjan sashe cewa mahaifinta ya je lungu. Ta dawo gida ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa ta ce, "Baba, wallahi ban taɓa jin kunyarka ba. A wurin nan in aka san na wa kake, an gama karanta takardarka tun ba a buɗe ta ba. Shi nake gudu."

Garin neman gira Baba ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Da ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a tsawon aikinsa: ya yi magana daga kujerar gaba. Farfesan Bene ya saurara, ya buga cinya, ya ce ai ga irin zaluncin da yake faɗa, wannan magana sai ta kai gaban taron sashe. Ta kuwa kai. Aka yi ta kai ruwa rana, bene na cewa an zalunci ɗaliba, lungu na cewa ana yi musu katsalandan, sunan Auta yana yawo a kan tebur kamar ƙwallo. Daga ƙarshe aka mayar da ita hannun Farfesan Bene. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ya karanta kundin da ta yi ta gyarawa don ya gamshi lungu, ya ture shi gefe, ya ce wannan ai takardar 'yan adawa ce, shi ba zai sa hannu a zagin gwamnati ba. Ta koma ta mayar da yabon titi. Da aka zo karewa, malaman lungu da ke cikin kwamiti suka ce ba su yarda ba.

Kundin ya yi ta hawa bene yana sauka, har ita kanta Auta ta daina sanin me ta gani da idonta a kasuwar. In uwarta ta tambaye ta wane ne mai gaskiya a cikinsu, sai ta ce duk wanda biro ke hannunsa. Jami'a kuwa tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi. Wa'adin ya cika ana cikin jayayya, aka cire sunanta. Ta kwaso littattafanta ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado, ta samu wata ƙaramar makaranta a bayan layinsu inda ba a tambayar takarda, tana koya wa yara karatu. Ba ta taɓa yi wa mahaifinta gori ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Baba bai bar aiki ba. Ina zai je da tsufa, ga gida a kansa? Ya ci gaba da zama a benci, sai dai ya juya shi yana kallon titi.

Da zaɓe ya matso, manyan jam'iyyun biyu suka shirya, suka haɗe wuri guda. Ba a jima ba aka naɗa farfesoshin biyu a kwamiti ɗaya na ba gwamnati shawara. Wata safiya Baba ya buɗe ƙofar baya, maigidansa ya shiga, Farfesan Lungu ya bi shi. Suka kama hira suna tuna faɗan da suka sha, suna dariya har da tafawa, ɗaya yana cewa ai siyasa ba gaba ba ce. Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya.

A wurin danja suka tsaya. Farfesan Lungu ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Af, ba kai ne mai yarinyar nan ba? Mai binciken titi? Kai, yarinyar akwai kai. Ina take yanzu?"

"Tana gida, ranka ya daɗe."

"Gida? Ai irinsu muke nema a kwamitin nan. Ka ce ta kawo takardar digirinta ofis, mu ga abin da za a yi."

Maigidansa yana latsa waya, bai ɗago ba.

"To, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Danja ta ba da hannu, motocin baya suka dame shi da ham. Bai motsa ba sai da maigidansa ya taɓa bayan kujera ya ce, "Direba, mu je mana, za mu makara."