Kiran Salla a Cikin Ajanda

Maigidana ya sayo ta ne a wata tafiyar saro kaya, zamanin da wayar hannu sai wane da wane a Abidjan. Wata 'yar na'ura ce baƙa, ba ta fi tafin hannu da yatsu ba, ana buɗe ta kamar gidan tabarau. Sama gilashi mai ruwan toka, ƙasa ƙananan maɓallan haruffa, a gefe kuma wani siririn tsinken roba da ake zarowa a riƙa taɓa gilashin da shi. Ajanda yake ce mata. Ni kuwa haushinta nake ji, wallahi. Ga tuwo yana hucewa a gaban mutum, shi yana can yana tsikarar gilashi da tsinke kamar mai cire ƙaya.

Duk da mitata, sai da ya zaunar da ni ya koya mini abu ɗaya. A bayanta akwai batir biyu irin na ƙaramar rediyo, waɗanda mu a nan pil muke ce musu. Kusa da su akwai wani ɗan murfi mai noti, a ƙarƙashinsa wani ƙaramin pil mai faɗi kamar maɓallin riga. Ya ce ajanda ba kaset ba ce, duk abin da ke cikinta wuta ce take riƙe da shi. In za a canza manyan, ƙaramin ne yake riƙe ta kafin a sa sababbi. In kuwa wutar ta yanke gaba ɗaya, shi ke nan, ta manta komai. Na ce to na ji, sai a ci abinci.

Ina da cikin fari ciwon hanta ya kwantar da shi. Aka kai shi wani asibiti a Treichville, ni kuma kullum in taso daga Adjamé da kwanon abinci, in matsu a cikin gbaka, motar hayarmu mai shaƙe da mutane, in ƙetare gada. Wata rana da la'asar ya ce in zo masa da ajanda. Na ce ikon Allah, mutum ko kofi ba ya iya ɗagawa, sai abin wasa? Amma na kawo.

Ya danna wani maɓalli a gefenta, wanda yake ɗaukar murya, ya kai ta bakinsa. A hankali ya yi kiran salla, irin wanda uba yake yi wa jariri a kunnen dama, sannan ya tayar da iƙama ta kunnen hagu. Numfashi ya yanke masa a tsakiya, ya yi tari, har muryata ta shiga ciki ina cewa ya huta mana. Da ya gama ya kunna mini na ji.

"In na ga haihuwar, sai mu goge," in ji shi. "In ban gani ba, ki sa wa abin da kika haifa a kunne, kafin kowa ya yi masa."

Na yi masa faɗa sosai, na ce wace irin magana ce wannan, don girman Allah? Ya rufe ajandar ya miƙo mini. Bai kuma ga haihuwar ba.

Bayan sadakar bakwai yayansa ya zo. Dattijo ne, ɗan kasuwa a Treichville, shi ya riƙe maigidana tun zuwansa daga Nijar, kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba saboda kunya. Ya ce ba a raba gado da ciki a tsaye, sai an haihu an ga mace ce ko namiji. Kafin nan ko allura ba za a taɓa ba, dukiyar maraya ce. Aka tattara komai, har agogo da takalma, aka zuba a akwatin ƙarfe. Ina daga bayan labule na hango ajanda a hannunsa.

"Yaya, a bar mini wannan," na ce. "Akwai saƙon marigayi a ciki, na jariri."

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. In na bar miki ɗaya, me zan ce wa sauran magada? Ranar da kika sauka, ni da kaina zan kawo miki ita."

"To Yaya, don Allah kada a bari pil ɗinta ya mutu. In ya mutu komai ya tafi."

"Wannan kuma ki bar mini, amana ce."

Aka ɗora akwati a mota aka tafi da shi.

Na shiga takaba, ga ciki ya yi nauyi, ba fita. Daga ɗakina ina jin hayaniyar kasuwar Guro, motocin ayaba da rogo suna sauke kaya, duniya tana ta harkarta ba ruwanta da ni. Ba abin da yake cikin kaina sai pil. Nakan kwanta ina tuna muryar nan da tarin da ke tsakiyarta, ina cewa Allah Ka riƙe mini ita. Akwai wata maƙwabciyata mai sayar da tumatir, na roƙe ta ta sayi sababbin pil ta kai wa Yaya. Ta je ta dawo da su a hannunta. Wai ya ce in kwantar da hankalina, nata lafiyarsu ƙalau, ba abin da zai taɓa su. Na ji sanyi a raina, har na yi masa addu'a.

Da hantsi na haihu a asibiti, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mace ce. Na ce wa mahaifiyata kada wanda ya yi mata huɗuba, ubanta ne zai yi. Matan da ke ɗakin suka dubi juna, sun ɗauka zafin haihuwa ne ya taɓa ni. Aka aika wa Yaya.

Bai ɓata lokaci ba, bawan Allah. Ya shigo jiƙe sharkaf, ya zaro ajanda daga ƙarƙashin riga, naɗe a cikin hirami, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Sai kuma ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da wani ƙullin leda. Ya kwance a kan gado yana murmushi.

"Ga pil ɗinki, ko ɗaya bai mutu ba. Ranar da kika faɗa na cire su, kada ta shanye su a banza, ko su zubo ruwa su ɓata ta. Kin san laimar garin nan. Ɗan ƙaramin ma sai da na kai wa mai gyaran agogo ya kwance mini."

Haka kowa yake yi wa tocila da rediyo in zai ajiye su. Haka ubana yake yi.

Nan take na mayar da su. Ta kama kuwa, gilashin ya kawo haske. Sai ga wani ɗan gicciye a tsakiya, da rubutu wai a taɓa shi da tsinke, bayansa kuma tana tambayar kwanan wata, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Na danna maɓallin murya. Na sake dannawa. Na kanga ta a kunnena, ko shuuu babu.

Ranar kunya ta ƙare. Na dubi dattijon nan ido cikin ido, na ce, "Yaya, ka kashe shi! Ka sake kashe mini shi!" Mahaifiyata ta toshe mini baki tana salati. Shi kuwa ya tsaya da ledar a hannu, ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Sai da aka yi masa bayani sau biyu kafin ya gane. Ya zauna a ƙasa, dattijo guda, a kan simintin asibiti, yana ta maimaita cewa shi fa tattali ya yi, shi fa amana ya riƙe.

Jaririya tana ta kuka. Mahaifiyata ta ce ba a barin 'yar Musulmi haka, kuma ba wani namiji a wurin sai shi. Ta miƙa masa ita. Ya kai bakinsa kunnenta ya fara, muryarsa tana karyewa. Na juya fuskata bango, amma kunne ba shi da marfi, na ji har ƙarshe.

Da na yi arba'in na zaga da ajanda wurin masu gyara a Adjamé, rumfa rumfa. Kowa ya duba sai ya ce da ni, yadda ake kiran mata a nan, "Tanti, ai ba abin da ya same ta, garau take." Daga baya na daina zuwa.

Na ce ba komai, ai ina da muryar a kaina, in yarinya ta girma zan kwatanta mata. Shekarun farko ina jin ta sarai. Yanzu yarinyar ta zama uwa, Yaya ma ya daɗe da rasuwa, na kuma yafe masa tun yana da rai. Amma duk lokacin da na rufe ido na nemi kiran sallar maigidana, na la'asar ɗin nan a asibiti, muryar Yaya ce take zuwa.