Wanda Ya Ce Ba Gaggawa

Ni dai tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya, sai kuma na faɗa cikin karatun da ya ƙara mini ƙaiƙayi. A shekarata ta biyu a makarantar koyon kasuwanci a Garwa aka fara koya mana tsara aiki: me za a fara, me zai biyo baya, ina ne aiki yake cushewa har ya tsayar da sauran. Tun daga nan na rasa sukuni. In na je wajen mai shayi na ga kofunansa nesa da tukunya, sai raina ya ɓaci. Har masu moto, wato 'yan acaɓa, na bakin kasuwa sai da na zana musu sabon layi a bayan littafina, alhali ba wanda ya sa ni.

Wurin da ya fi tsone mini ido shi ne shagon Baba a unguwar Roumdé Adjia. Tela ne, kekuna uku, shi da ma'aikata biyu. Yadduka tuli a kan kanta, wasu a ƙarƙashin tebur, wasu rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba lamba, ba takarda. Amma duk unguwar an san abu ɗaya: Baba ba ya saɓa alkawari. Wanda ya san teloli ya san wannan ba ƙaramin suna ba ne, kuma shi ne kaɗai dukiyar da yake alfahari da ita.

Saura mako biyu ƙaramar Sallah aka ba shi rana a Maruwa don a cire masa yanar ido. Ya damƙa mini mabuɗi ya ce, "Ka buɗe, ka rufe, ka karɓi gaisuwa. Sauran sun san aikinsu."

Motarsa ba ta fita gari ba na sayo babbar takarda na manna a bango. Dokar da malaminmu ya koya mana mai sauƙi ce: aikin da ranarsa ta fi kusa, shi ake farawa. Na sauke kowane yadi, na tambayi babban ma'aikacin, wani dattijo da ya girmi Baba, ranar da mai shi ya faɗa. Na jera su, na sa lamba da alli.

"Direkta," in ji dattijon, don haka ya laƙaba mini, "na kan ƙusa dai ka bar su inda ka same su."

"Wace rana mai su ya ce?"

"Bai ce ba. Cewa ya yi ba gaggawa, duk ranar da Allah ya ba da iko."

Na ce to ai magana ta ƙare. Turmi biyu na atamfa da farar shadda, na wani manomi ne Kirista da ke saukowa daga kan dutse. Na sa musu lambar ƙarshe na tura can ƙasa. Dattijon ya buɗe baki, na nuna masa takardar bango. Ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma yau mabuɗi a hannunka yake." Ya koma kan kekensa.

Kwana biyar ina yawo a shagon nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai, ina duba agogo, ina soke lamba da jan biro. Aiki kuwa ya yi gudu, ba zan ɓoye ba, har na fara jin kaina. Abin da ya fara damuna shi ne kayan da muka gama ba a zuwa ɗauka. Ɗan kasuwar da ya rantse ranar Talata zai yi tafiya, ga shi nan kullum yana wuce mu a moto, yana ɗaga hannu. Ashe mutanen gari ranar ƙarya suke faɗa wa tela, don sun saba da halin teloli. Ni kuma na ɗauki ƙaryar kowa na rubuta ta da kyau a bango.

Ranar Alhamis da hantsi manomin ya zo. Dogo, siriri, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ya tambayi idon Baba, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi karatuna. Sai can ya dubi ƙusar, ya ga ba kome, ya yi murmushi, don a zatonsa an gama.

"Jibi ne auren yarinyar a coci," ya ce. "Motar kasuwa za ta koma da azahar."

Na zaro yaddukan daga ƙasa, ko almakashi bai taɓa su ba. Na ce, "Baba, ai kai ka ce ba gaggawa."

Ya dube ni da mamaki. "Ɗana, yaya zan sa wa babanka rana? Na gaya masa za mu aurar, shi ke nan."

Mun yi ta maza. Dattijon ya yanka rigar amarya, ɗayan ya kama zane, ni da ban iya kome ba ina miƙa zare, ina leƙa titi, ina dawowa. Har tasha na je na roƙi direba ya ƙara mana rabin awa. Da aka kira azahar rigar amarya kaɗai ta haɗu, ita ma ba aiki a wuya. Na uwar amarya da tasa shaddar ya naɗe su yadda ya kawo su.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Useko, na gode, kun yi ƙoƙari. Uwar za ta ɗaura haka nan." Ya sa takalminsa ya tafi.

Baba ya dawo da auduga a ido. Kafin ya zauna ya miƙa hannu bayan ƙofa ya shafa ƙusar, ya tambaya ko an kai wa mutumin dutse kayansa. Na faɗa masa kome. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mai kunya ba ya faɗin rana. Wanda ya ce maka ba gaggawa, shi ake fara yi wa." Sannan ya ce tun kafin a haife ni yake ɗinka wa gidan nan.

A makaranta na ci jarrabawar tsara aiki da maki mai kyau, ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Bayan kaka manomin ya sake saukowa. Na ji sanyi da na hango shi, na ɗauka ya kawo ɗinki. Gaisuwa kawai ya zo yi, da zabuwa a hannu, ya yi wa Baba barka da samun lafiya. Farar shaddar nan ce a jikinsa, ɗinkakkiya, amma ba ɗinkin shagonmu ba. Suna gaisawa na ga idon Baba ya tsaya a wuyan rigar, ya bi ɗinkin har kafaɗa.

"Ta yi maka kyau," in ji Baba.