Abin da Aka Ciro a Cikin Jar Saniya

Saniya ɗaya ta rage mini lokacin da na bar fatauci na dawo Tibiri na zauna. Ja ce, jikanyar karsanar da uwata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗakin miji. Sauran, fari ya ci wasu, aurar da ƴaƴa ya ci wasu. Wannan kuwa na rantse ba za ta ga kasuwa ba muddin ina numfashi. A shekarar da nake magana tana ɗauke da ciki, kuma a kan cikin nan na jingina tsufana duka: nono ga jikoki, ɗan maraƙi, garke ya sake tsayawa.

Shekara talatin na yi a hanya da ƙunshin atamfa, tsakanin Kwatano da Lome da Legas. A can na fara ganin ƙunzugun leda, wanda ƴan birni ke ce wa kush, a sa wa jariri sau ɗaya a yar. Mu da muka yi goyo da tsumma, tsohon zane mukan yayyaga, a wanke da ruwan toka, a shanya a kan darni, gobe a sake sawa, har ƙane ya gaji tsumman wansa. Da na ga kush sai na ce wannan rahama ce ta zo wa mata. A Jidda, shekarar da na sauke farali, na ga motar shara tana zuwa kowace safiya ta kwashe. A Kwatano na ga ana watsawa cikin ruwan bayan kasuwa, ruwa ya tafi da shi. Ko sau ɗaya ban tambayi inda yake ƙarewa ba, don ba a ƙofata yake ƙarewa ba.

Matar ɗana ta haifi tagwaye. Mijin yana Yamai wurin aiki, sai ni da ita a gida, ni kuwa gwiwoyina sun riga sun ƙi. Famfon unguwarmu yakan yi kwana uku bai ɗiga ba. Na ga yarinyar nan tana auna ruwa da moɗa, tana raba shi tsakanin tukunya da tsumman yara biyu, hannuwanta duk sun tsage. Ni da kaina na aika Dogon Dutsi ranar kasuwa aka sayo kush. Ta yi godiya har da hawaye.

Bayan kwana biyu ta zo ta durƙusa bakin ƙofata da abin a hannu.

"Inna, ina za a zuba?"

A garinmu ba a ƙona kashin jariri. Tsofaffi sun ce in wuta ta taɓa shi, gindin yaro zai sale, ya yi ta ƙuraje. Ba a kuma jefa shi kan hanya, inda mai mugun nufi zai iya tsinta. Masai kuwa in an zuba masa leda cika yake yi ya toshe. Da ta kira mijinta a waya, ya ce canfi ne, a banka wuta kawai. Na karɓi wayar na ce, "Kai da ke Yamai, in gindinsu ya sale, kai za ka yi jiyya?" Sai na nuna mata jujin cikin gida, can bayan turke, inda muke zuba toka da shara da kashin awaki. Na ce ta riƙa tona rami tana turawa, ta rufe da toka. Ba idon da zai gani, ba wutar da za ta taɓa. Wata takwas tana yin haka, kullum, ba fashi. Yarinya ce mai jin magana.

Da bazara ta ƙarato ƙanena ya zo da amalankensa. Shi ke noma gonar da ubanmu ya bar mana, kuma kowace shekara yakan kwashe jujina ya kai taki, kamar yadda aka saba tun kakanni. Ƙasar gonar yashi ce, in ba a ciyar da ita ba, ba ta ciyar da kowa. Sawu shida ya yi. Na ji yana ce wa matar ɗana, "Bana jujinku da fararen leda da yawa," ta ce i, ya ce ba komai, iska za ta kwashe. Ina zaune kan tabarma ina jin su, raina bai ba ni komai ba. Bayan mako ya zo ya ja saniyar zuwa gona, ya ɗaure ta da doguwar igiya gindin gawo, ta ci ƴaƴan gawo da ragowar kara, ta bar wa ƙasa kashinta. Haka ake yi duk shekara.

Wajen kwana arba'in ta yi a can kafin ya aiko a ce mini ta daina tuƙa.

Aka ɗora ni kan amalanke da hantsi. Tun kafin mu kai gindin gawon na ga abin. An yi ɗan yayyafi kwana biyu da suka wuce, kush ɗin da ke cikin takin duk sun sha ruwa sun kumbura, sun fito fili, birjik, tun daga bakin hanya har iyakar gonar maƙwabci. Toka ta ruɓe, kashin awaki ya zama ƙasa, su kuwa suna nan yadda aka naɗe su. Wasu sun fashe, wani abu mai santsi kamar dafaffen sitaci yana fita. Iyakar inda igiyar saniyar ke kaiwa kuwa, wurin a share yake. Babu ko ɗaya. Gishirin fitsarin yara ta bi.

Tana tsaye, kai a ƙasa, ƙashin baya a waje, cikin kuwa ya yi gefe guda. Na dafa shi da tafin hannu, na ji shi da ƙarfi kamar buhun da aka danƙara wa tsumma. Ta juyo ta shinshina zanena.

Babu abin da ban yi ba. Na jiƙa kanwa na ɗura mata. Na ɗura man gyaɗa kwalba biyu. Wani Bafillace ya ce jiƙon tsamiya, na yi. Ni da na daɗe da barin zancen iskoki, sai da na kama kaina ina tunanin wanda zan aika Lugu, garin masu bori. Na tare a gonar, daga safe har yamma ina gindin gawo ina kallon bayanta, ina roƙon Allah ta yi kashi. Tsohuwar da ta yi ciniki da harshe huɗu, ga ni ina jiran kashin saniya kamar mai jiran haihuwa. Abin da ke fita ɗan kaɗan ne, baƙi, da majina.

Rana ta biyar likitan dabbobi ya zo daga Dogon Dutsi a kan babur. Ya danna cikin da dunƙulen hannu, hannun ya bar gurbi bai cika ba. Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci. Na ce na ji, ya maimaita da Hausa don ƙanena.

"Hajiya, tumbinta a cike yake da abin da ba ya narkewa. Da wata guda baya aka kira ni, sai in tsaga in kwashe. Yanzu in na sa wuƙa, a hannuna za ta mutu."

"To cikin fa?"

"Bai isa fitowa ba."

Na riƙe masa hannun riga. Na ce ya gwada, ko me zai ci zan sayar da ɗankunnena. Ya ce ba zancen kuɗi ba ne, ya zare hannunsa a hankali, ya hau babur.

Ƙanena ya tsuguna gabana.

"Yaya, ki bari a yanka tun da sauran rai."

"A ba ni yini guda."

"Yini gudan nan shi zai sa mu ja ta da igiya mu kai wa ungulu. Ki rasa saniya, ki kuma rasa nama?"

"Ta Inna ce fa."

"Na sani. Ni ma Innata ce."

Na ƙi. Na ce ya tafi ya bar ni da ita. Bai tafi ba, ya koma gefe yana tsintar kush yana zubawa a buhu, ba ya kallona. Da azahar saniyar ta durƙusa da ƙafafun gaba. Ta yi yunƙuri sau biyu, a na uku ta kwanta ta miƙe wuya a kan yashi, idon ya fara juyawa. Ni na ɗaga murya na kira shi. Ni na ce ya yi sauri. Na juya baya na ji bisimillarsa.

Aka kira mahauci. Matar ɗana ta iso da abincin rana, tagwayen ɗaya a goye, ɗaya a kafaɗa, ta tarar ana fiɗa. Maraƙin da aka ciro mace ce, ja, gashi ya riga ya fito mata. Mahaucin ya ajiye ta gefe ya rufe da ganye. Da ya tsaga tumbi sai wuƙar ta tsaya. Hannu biyu ya sa ya jawo wani dunƙule da ya kusa cika daro, ledoji sun murɗe da juna kamar igiyar rijiya, har ana gane ƴan zanen furen da ke gaban kush ɗin.

"Wannan fa, Hajiya? Ba mai saye," in ji shi, yana so ya ba ni dariya.

Ƙanena ya ce a haɗa da buhunan da ya tara a cinna wuta, a huta. Yarinyar nan ta saki kwanon abinci ta faɗi gabansa.

"Baba, don Allah kar a ƙona! Na ƴaƴana ne!"

Suka juyo gare ni su biyun. Ni na koya mata wannan tsoron, kuma ko a lokacin ban iya cewa ƙarya ne ba. Na ce a haƙa rami mai zurfi a bakin gona, inda garma ba ta kaiwa, a tura. Na san ba za su ruɓe ba. Ƙanena ya haƙa har ramin ya kai masa ƙirji, ya ce ba zai ci rabin abin da ke warwatse a gonar ba, ga shuka saura kwanaki.

Muka koma gida dab da magariba, nama a bayan amalanke. Famfo bai zo ba ranar ma. Ina zaune na ji ɗaya daga cikin tagwayen ya fara kuka, na ji ta shiga ɗaki, na ji ƙarar ledar da take yagewa. Ta fito da wanda ta cire a naɗe cikin hannu, ta tsaya tsakar gida tana dubana. Na sunkuyar da kai.