Yaɓen Bara

A shekarun da kuɗin mai ya haukata ƙasarmu, ni ina Landan, a wani ɗan flat mai sanyin tsiya a Deptford. Karatun tonon kayan tarihi aka turo ni, amma aikina bai wuce zane ba. Farfesanmu ya tono ƙofar wani tsohon birnin Bani Isra'ila, ni nake zana masa ita daga hotuna: ɗakunan masu gadi uku dama uku hagu, da dakalin da dattawa ke zaman shari'a, da dutsen da ƙyaure ke juyawa a kai. Shekara biyu ina fama da ƙofar da ban taɓa takawa ba.

Sai ga wasiƙar Baba. Shi ne Sarkin Ƙofa a garinmu, gadon kaka da kakanni. Wai za a rushe ƙofar a faɗaɗa titi, don motocin siminti ba sa iya shiga. "Mutanen nan ba sa jin maganar kowa sai ta Bature," in ji shi. "Ka sa malaminka ya rubuto musu ko layi biyu ne."

Na sa kwat, na tafi ofishin Farfesa. Ya saurare ni tsaf, har ya zare murfin alƙalami. Sai ya tambaye ni yadda ginin ƙasa ya kai ɗaruruwan shekaru. Nan fa alfahari ya ɗebe ni, na saki baki. Na ce ai kowace shekara, da ruwa ya ɗauke, unguwa ke fitowa gayya, a kwaɓa ƙasa a sake yaɓe, inda ya zube a tayar.

Ya mayar da murfin. "To ai ba tsohuwa ba ce," ya ce. "Abin da ke tsaye na bara ne."

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tasa ƙofar, da masu ita suka watse ƙasa ta binne ta, ita ce tarihi. Tamu kuwa laifinta ba a taɓa yar da ita ba. Kuma ni da bakina na miƙa masa hujjar.

Na kasa gaya wa Baba. Na rubuta cewa Farfesa na dubawa.

Ƙanena ne ya ba ni labarin ƙarshe a wasiƙa. Ranar da katafila ta zo, Baba ya tare direban, ya roƙe shi ya dakata zuwa la'asar, takarda na hanya daga Ingila.