Gaisuwar Kan Suri

Mu yaran gidanmu a Zongon Kumasi ba ma baƙin cikin ɗauke wuta. Da an idar da magariba aka ga ƙwan lantarki ya yi ɗif, sai mu yi tsakar gida da gudu mu kewaye kurfotin gawayin Kaka Hassana. A kansa take gasa mana masara, amma ba ta rabawa sai tatsuniya ta ƙare, don ta san halinmu sarai. Ni ta fi tsokana. "Maigida, kai da ko cefane ba ka yi, matsa can ka ba ni wuri." Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta wanke ta shigo mu ji ta!"

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wani ƙauye da labari ba ya isa sai ya tsufa. In aka aiko musu an yi haihuwa a birni, kafin su ja rago su isa, jaririn da kansa ke fitowa tarbarsu, da gemunsa, ya karɓi igiyar. Attajirin garin ya sayi doki don kawo labari, amma dokin farashin gishiri kaɗai yake kawowa, shi ma a kunnen mai shi yake tsayawa. Sai wata tsohuwa ta ce kowane gida ya kawo mudun gero, a ɗora babbar ganga a kan dutse, a riƙa ciyar da makaɗi, duk abin da ya faru kowa ya ji. Kowa ya kawo, ban da wani marowaci. Don kada a ce yana jin ganga kyauta, sai ya cusa auduga a kunne. Ranar da rumbunsa ya kama wuta ganga ta yi ta kiransa, shi kuwa yana zaune a bakin hanya yana yi wa masu gudu da tulunan ruwa sannu da aiki. A nan Kaka kan ɗaga hannu tana kwaikwayonsa, "Sannunku, bayin Allah! Gidan wa ya shiga uku?" Mu yi ta birgima a ƙasa.

Sai da na yi wayo na gane ƙauyen nan nata ne. Can arewa mai nisa aka haife ta, aure ya kawo ta Kumasi. Da mahaifiyarta ta rasu, direban motar doya ne ya kawo labarin, bayan har an yi sadakar arba'in an watse. Tun daga nan tambaya ɗaya ta tsaya mata a rai: shin Inna ta tafi tana fushi da ita saboda ba ta zo ba? Ƙanwarta Azumi ce kaɗai ke wurin lokacin da aka cika. Ciwon gwiwa ya hana Kaka doguwar tafiya, irin wannan tambaya kuwa ba a ba direba ya kai.

Da wayar hannu ta shigo, Kawu Sule, wanda ke gyaran mota a Magazine, unguwar makanikai, ya sayo guda biyu a kasuwar Adum ya aika da ɗaya ƙauye. Muka ce magana ta ƙare. Ashe a duk garin wuri ɗaya ne netwok ke sauka, kan wani suri a bayan gari. Duk Juma'a sai a tallafi tsohuwa Azumi da sandarta a tura ta sama, ta ɗaga waya tana juyi har ta kama.

Sai a fara gaisuwa.

"Azumi, kin wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ya gida? Ya ruwa? Ya jikoki?"

Ƙit, waya ta yanke. In aka yi sa'a ta sake shiga, ba sa ɗorawa daga inda aka tsaya. A wurinsu gaisuwar da aka yanke ba ta shiga lissafi, sai a koma kan wuni lafiya. Kawu Sule har kama kai yake yi. "Mma, netwok ɗin nan ba shi da kyau koraa, ko kaɗan! Bar gaisuwa, faɗi maganar kawai!" Kaka ta watsa masa harara. "Sule, ni ba a tashar mota aka haife ni ba. In kira 'yar uwata in faɗa mata da tambaya kamar ɗan sanda?" Shekaru aka yi a haka. Mafi nisan da suka taɓa kaiwa shi ne lafiyar awaki, ranar ma gara ce ta ciji Azumi ta sauko ba shiri.

Na taɓa tambayar Kawu me ya hana kamfanonin waya su kafa ƙarfen netwok ɗinsu a can. Ya ce da ni kamar yadda samarin Kumasi ke kiran aboki, "Chale, wa zai kafa ƙarfe saboda tsofaffi da awaki? Ina ribar?" Har na girma na fara aiki ba abin da ya canja. Sai wata shekara gwamnati ta ɗebi kuɗin jama'a ta kai intanet mai sauri ƙauyukan da 'yan kasuwa suka tsallake, na su Azumi a ciki. Na zauna ina ƙoƙarin yi wa Kaka bayanin haraji da turaku da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ta katse ni. "Maigida, kana wahalar da bakinka. An tara gero, an ɗora ganga."

Ni na riƙe mata wayar ranar kiran bidiyo na farko. Ga Azumi zaune a kan tabarma a ɗakinta. Kaka ta ƙura ido ta ce, "Wayarka ta lalace, wata tsohuwa take nuna min." Daga can aka ce, "Yaya, ni ma tsohuwa nake gani." Suka kama gaisuwa. Aka bi gida, aka bi ruwa da jikoki, aka wuce awaki, aka shiga kaji, har da maƙwabtan da suka daɗe a kabari. Gaisuwa ta ƙare ƙarƙaf, waya ba ta yanke ba. Kaka ta dube ni kamar ni na hana ta yankewa. Sai a lokacin tausayinta ya kama ni, don na gane doguwar gaisuwar nan ladabi ne da gaske, amma tsoron amsar ma yana ciki.

"Azumi," ta ce a hankali, "Inna ta tafi da fushina?"

"Fushi? Yaya, har ta cika tana cewa a ajiye miki daddawa, wai ta Kumasi ba ta da ƙamshi, kina can kina cin miya salam."

Kaka ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "To me ya hana ki faɗa min tuntuni?"

"Ai ba ki tambaya ba, Yaya. Kullum awaki kike tambaya."

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar ta marowaci ce, shi muke jira ya fito mu yi dariya. Yanzu in na ji wani a Adum yana mita wai an kai intanet inda ba ciniki, nakan tuna tsohuwa a kan suri tana juyi da waya, da wata a Zongo tana jira. Ni ma na iya mitar haraji, ban daina ba, amma na wannan ƙarfen ban taɓa ƙorafi a kansa ba. Kaka ta rasu kafin damina ta zagayo, kuma ba ta tafi da tambayar nan ba.